Rasuwar Jan Ido, Mai Faɗin Isowar Jirgi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wata 'yar kunya da zan zo kanta nan gaba, ni Alhaji Ɗantala Mai Hula, mutumin Funtuwa, mazaunin Glenwood a nan Greensboro, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Jan Ido, akwatin nan da ke rataye a bangon falona yana faɗa mini minti nawa ya rage jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso tsohuwar unguwarmu ta Bronx a New York. Ya cika ranar Alhamis da hantsi yana da shekara tara, bayan jinyar da babu wanda ya san yana yi, har shi kansa.

Masu cewa ai babu irin wannan jirgi a Greensboro, na ji ku. Shekara shida ina ji. Ku bari in gama.

Marigayin ɗan asali ne. Shekara ashirin da shida na yi ina sayar da hula da safar hannu a bakin tasha. Ban taɓa zama a aji ba, ko na minti ɗaya. Na ci sanyin da ya kori Turawa gida, na tashi daga shanyewar ɓarin jiki, korona ta zo ta dube ni ta wuce. A shekarun nan ne ni da aminina Ousseini, mutumin Maraɗi mai sayar da turare tasha huɗu gaba da tawa, muka ƙirƙiro ilimin da yanzu masu digiri ke taƙama da shi. Jirgi na barin tasharsa sai ya yi mini filashin. Ni kuma in ɗaga murya in ce saura minti shida. Mutumin da ya san yana da minti shida yakan tsaya ya gwada hula. Wanda bai sani ba gudu yake yi.

'Yata Salwa a gindin teburin nan ta tashi, ta zama injiniya, har ta yi aiki da masu haɗa wa jirage irin wannan lissafi. Ita ta haɗa Jan Ido, amma ni na sassaƙa masa gida da katakon akwatin dabino, ni na riƙe fitila, saboda haka idan kun ji ina cewa ni na ƙera shi, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ta bayyana mini cewa babu mai ganin jirgi a cikin rami. An yanka hanyar ne gunduwa-gunduwa, duk gunduwar da ya taka sai labari ya fito, abin da ke tsakani kuwa kintace ne. Na ce mata wannan ai Ousseini ne, waya kawai aka ƙara masa.

A nan muka samu saɓani. Salwa ta tsara shi ne yadda in labari ya daina zuwa na minti biyu, zai goge lamba ya nuna layi biyu a kwance, wato bai sani ba. Na ce ba a gidana ba. Ina da baƙi, a kalli bango a ga akwatina ya yi zuru? Ta ce, "Baba, lambar da ta tsufa ta fi babu haɗari." Na ce ni na haife ki ko ke kika haife ni? Ta gyara shi yadda nake so: in labari ya yanke, ya ci gaba da ƙirga da tsohon jadawali. Wannan ita ce gudummawata a fannin injiniya, ina roƙo a rubuta ta da sunana, domin ita ta kai mu inda muke.

Halin marigayi kuwa sai yabo. Ba ya barci, ba ya ƙorafi, wutar da yake sha ba ta kai ta caja ba. In saura minti biyu sai ya ce "tin-tin," a hankali, kamar mai ladabi yana ƙwanƙwasa ƙofa. In jirgi ya tashi ya ce "ƙit," ya soma sabon lissafi. Da muka dawo Greensboro uwargida Hajiya Bebi ta so a bar shi a can. Na rungumo shi a cinya tun daga Bronx. Ɗaliban jami'a maƙwabtanmu sun sha leƙowa suna tambaya ko agogon salla ne.

Amma ba ado ba ne, aiki yake yi. Ousseini yana can tsohuwar unguwarmu har yanzu, shekararsa saba'in da huɗu, yanar ido ta rufe masa gani, ga ƙirji da ba ya son sanyi. Tasharsu a sama take, don a nan jirgin kan gada yake bi, iska ta ko'ina. Allon tashar ba ya iya karanta shi. Don haka kullum bayan na sha shayi sai in kira shi, mu taɓa hira, mu zagi gwiwoyinmu, ina kallon bango. Da na ga saura minti bakwai sai in ce, "Bamaraɗe, sa takalmi." Yana hawa matakala jirgi na shigowa. Shekara shida, daga tafiyar yini guda, ni nake sa shi a jirgi. Duk wanda ya zauna kusa da ni a masallaci ya ji wannan labari, wasu sau goma.

Ciwon ajali ya shigo ne a watan Janairu, da Hajiya ta canza kamfanin intanet. Kowa a gidan ya samu sabuwar lambar sirri, har talabijin, ban da Jan Ido. Bai nuna alama ba. Idonsa ja kamar kullum, "tin-tin" ɗinsa a kan lokaci. Kwana takwas yana ƙirga jiragen da ke cikin kansa, ni ina isar da saƙo. Sau biyu Ousseini ya ce, "Alaji, yau akwai ɗan retar fa, jirgin ya makara." Na ce masa direbobin yanzu ne ba su da tarbiyya.

Rana ta tara, Talata, ita ce ranar da likitan ido zai gan shi, bayan wata huɗu yana jiran layi. Ashe a ranar ana gyaran hanya, jirage ba sa tsayawa a tasharsa. An sanar, an manna takardu, amma mai yanar ido ba ya karanta takarda, akwatina kuma ba ya jin kowa. Na ce ya fito, ya fito. Ya kira ya ce babu kowa a dandamali. Na ce saura minti biyu. Ya sake kira yana tari, ya ce jirgi ya wuce ta tsakiya bai tsaya ba. Na ce wannan ba naka ba ne, naka na baya, kada ka motsa. Minti arba'in na tsayar da bawan Allah a cikin iska da bakina, sai da wata mai shara ta kama hannunsa ta kai shi wurin bas. Ya isa asibiti an rufe karɓar marasa lafiya.

Da yamma ya kira. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce, "Bon, Ɗantala. Ni ba na gani, kuma na san ba na gani. Kai fa?" Ya ajiye. Tun ranar wayarsa ke ta ƙara babu mai ɗagawa.

Salwa ta ce in jira ta zo ƙarshen mako. Ban jira ba. Mutumin da ya riƙe fitila ranar haɗawa ai ya san ciki. Na kwance shi, na hura, na ga kamar yunwar wuta ce, na sa masa cajar injin huda bango. Ya ce "tiiin," dogo, irin wanda bai taɓa yi ba, hayaƙi ya fito ta gefen katako. Hajiya ta leƙo daga kicin ta ce, "Alhaji, ka gama gyaran?" Na ce na gama.

Ya rasu ya bar cajarsa ta asali, wadda nake da ita a aljihun tebur ban duba ba, da ƙusa ɗaya a bango, da wani farin murabba'i inda fenti bai dushe ba. Ya bar ni ina farkawa da hira a baki babu inda zan kai ta.

Ba za a yi masa salla ba. Na tambayi limaminmu Malam Abdulmuhaimin, ya dube ni ta saman tabarau har na janye tambayar. Za a ajiye gawar a garejina ranar Asabar bayan azahar, Hajiya za ta toya masa ta haɗa shayi, amma ta ce a sanar cewa don baƙi ta yi, ba don mamacin ba. Daga nan Salwa za ta kai shi inda ake karɓar matattun kayan lantarki. Katakon zan riƙe.

Mai son ta'aziyya ya zo kafin Litinin, don ba zai same ni ba. Hamsatou 'yar Ousseini ta gaya wa Hajiya an ba mahaifinta wata ranar ganin likita, Laraba ƙarfe tara. Litinin da safe zan hau jirgin da ke tashi daga nan zuwa New York, da sandata da rigar sanyi biyu, ɗaya tasa. Ranar Laraba ni zan hau matakalar nan, in tsaya, in ga jirgin da idona, in karanta masa abin da ke bango gwargwadon bokon da na tsinta a titi, sannan in riƙe hannunsa mu shiga. Bai ce in zo ba. Bai kuma ce kada in zo ba, tunda bai ɗaga ba. Gidansa a hawa na uku yake, ƙofa ta biyu a dama, kuma ni ba na gajiya da ƙwanƙwasawa.