Ɓaunan Da Ya Kwanta A Hanyar Ruwa

A wani daji da ke bakin kogi, da sawu ake zaɓe. In ruwa ya janye sai a share taɓo, a yanka wa kowace jam'iyya filinta, kowa ya taka nasa ya wuce. Da la'asar Gauraka, alƙalin zaɓe, ya sauko ya duba sawu.

Manyan jam'iyyu biyu ne, Masu Kofato da Masu Farce. Sai wata 'yar ƙarama ta 'Yan Rami, su gafiya da kurege da damo, wadda wata bushiya mai suna Kuluwa ke jagoranta. Filinsu kullum a kan hanyar shan ruwa yake faɗawa, wai dacewa ce. Su yi sammako su taka, manya su gama nasu su ji ƙishirwa su bi ta kai. Kafin la'asar, ko ɗan yatsa babu.

A wannan shekara abin ya wuce wasa. An ce jam'iyyar da ba a ga sawunta ba za a soke ta, ga kuma sabon burtali da majalisa ke shirin fitarwa ta kan ramuka, inda 'ya'yan Kuluwa ke kwance ido bai buɗe ba.

Kuluwa ta je ta durƙusa gaban Gauraka ta ce, "Ranka ya daɗe, ba mu zo roƙon nasara ba, mun san yawanmu. Kujera ɗaya doka ta ba duk wanda aka ga sawunsa. A bar sawun ya kai la'asar, shi ke nan kukanmu."

Gauraka ya gyara tukkunsa ya ce, "Wallahi na tausaya, Kuluwa. Amma ni duba sawu aka ɗora mini, ba gadinsa ba."

Ashe Baba Jatau, wani tsohon ɓauna ɗan Kofato, yana inuwa yana tuƙa, duk a kunnensa. Ranar zaɓe ya taka filin jam'iyyarsa da ƙarfi har taɓo ya fantsama, sannan ya tafi tiƙis-tiƙis ya kwanta a gicciye bakin filin 'Yan Rami, cikin rana tsaka.

Garke ya taho shan ruwa ya ci birki. Gwanki, kakakin jam'iyya, ya ce, "Haba Baba! Da tsufanka za ka sauya sheƙa?"

Baba Jatau ya ce, "Kai yaro, tun ba a haifi uwarka ba nake taka wa Kofato. Yau ma na taka, je ka gani. Wannan bushiyar ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Amma na gaji da cin zaɓen da ban san wa na kayar ba. Ruwa na nan, ku zagaya."

To, wa zai ɗaga ɓauna? Suka zagaya suna tsaki.

Da la'asar Gauraka ya sauko, ga sawu ƙanana rututu kamar an watsa gero. Ya daɗe yana kallo, don bai taɓa ganinsu ba. Masu Kofato suka lashe zaɓe kamar kullum, 'Yan Rami suka sami kujerarsu ɗaya a can ƙarshen layi. Daga kan kujerar nan Kuluwa ta miƙe a majalisa ta faɗi inda ramuka suke, aka karkatar da burtali.

Ta zo godiya tana hawaye, ta ce, "Baba, Allah Ya saka da alheri. 'Ya'yana sun buɗe ido a ɗakinsu. Bari mu cire maka kaska."

Ya ce, "A'a 'yata, kar a ce sayena kuka yi."

Ba su matsa ba. Amma tun daga ranar, ba a sake tona rami a inda tsohon ke bi ba, don kar ƙafarsa ta faɗa, kuma ni ina ganin godiya ba ta fi haka.

Majalisa ma ba ta manta da shi ba. Ta naɗa shi Babban Mai Sa Ido, ta ba shi mazauni ranar zaɓe a ƙololuwar tsauni, nesa da hanyar ruwa, inda zai ga komai da kyau.