Man Mota a Ƙafafun Duna

Da gashin ƙafafun karena Duna ya soma zubewa, ban shawarci kowa ba. Ni da na taɓa lakwal, makarantar boko, wa zai koya mini ƙazuwa? Na samo baƙin man mota a garaji, na shafe shi sarai. Ya wuce ya kwanta kan wankin matata.

Taubashina Sumaila ya duƙa ya duba, ya ce: "Ba ƙazuwa ba ce. Simintin da ka malala kana mana fariya, shi ke cin gwiwarsa in ya kwanta."

Gaskiyarsa ce, don bayan simintin abin ya fara. Na shimfiɗa wa Duna buhu, gashi ya dawo. Amma har yau, in na tuɓe hula zan yi alwala, sai Sumaila ya dubi sanƙona ya ce: "Likita, a kawo man mota?"