Kalkulas Ɗin Farfesan Falo

Duk unguwar nan babu mai girmama ilimi kamar Farfesan Falo. Fenti yake sayarwa, amma Allah Ya hore masa durowar gilashi cike da littattafai, kowanne an zaɓe shi da tsananin basira, wato daidai da launin labule. Bai taɓa wulaƙanta ko ɗaya da buɗewa ba.

Da autarsa ta shiga jami'a, malaminsu ya ce kowa ya nemi wani tsohon littafin kalkulas, babban lissafin nan da ke sa ɗalibai rama. Farfesa ya ce da kansa zai raka ta kanti, don harkar ilimi ba ta yara ba ce.

Mai kanti ya ajiye guda biyu, ɗaya mai bango mai laushi, ɗaya mai bango kamar ƙyauren banki. Ya rantse abin da ke cikinsu ɗaya ne, har waƙafi.

Farfesa ya yi murmushin tausayin jahili. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, ya ƙwanƙwasa su kamar mai zaɓen kankana.

"Malam, ilimi nauyi gare shi," in ji shi. "Littafin da iska za ta iya ɗauka, me zai bari a kan yarinya? Ba ni mai taurin."

"Baba, mai laushin zai fi shiga jakata," in ji Auta a hankali.

"Jaka? Wa ya ce miki fita zai yi?"

Suna isa gida littafi ya shige durowa, mabuɗi ya shige aljihu. Aka kafa doka: ba a rubutu a ciki, ba a naɗe shafi, ba a taɓawa sai mai gida yana nan. Mai gida kuwa kullum yana shago.

Jarrabawa ta ƙarato, Auta ta fara kuka a kicin. Uwarta ba ta yi musu da kowa ba. Ta yafa mayafi, ta dawo da mai laushin a ƙasan kwandon cefane. Yarinya ta bi shi da jan biro, ta kwana da shi, ta tashi da shi, har bangon ya rabu da gangar jiki. Sakamako ya fito, ita ce ta ɗaya.

Nan fa Farfesa ya tara abokai, ya gayyato malamin, ya miƙe tsakiyar falo.

"Jama'a, nasara ba ta zuwa da arha. Da na bi shawarar masu ƙaramin tunani, da yau kuka muke. Ga sirrin!"

Ya buɗe durowa, ya ɗauko littafin da hannu biyu kamar jariri, ya miƙa wa malamin.

Malamin ya ɗaga bango. Wani jan gari ya zubo a kan kafet. Gara ta huda bayan durowa, ta cinye tun daga gabatarwa har amsoshin ƙarshe, ta bar bangon tsaf yana sheƙi.

Malamin ya kakkaɓe rigarsa, ya mayar da bangon cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, gaskiyarka," ya ce. "Shekara ashirin ina koyarwa, ban taɓa ganin ɗaliban da suka cinye littafin nan kamar naka ba."