Ɗaure Min Dami Ɗaya

"Ya gajiyar hanya, amarya? Wa ya nuna miki nan?"

"Gajiya tana kanka. Matsa min in ga ɓarnar da ka zo saye."

Jikana ne, babban ɗan 'yata, direban tarakta. Ƙato mai 'ya'ya uku, amma hankalinsa bai kai na ɗan tsako ba. Da safe matarsa ta shaida min ya tafi shagon kayan noma ɗauko injin yankan ciyawa da zai ɗaura wa taraktarsa. Ciyawar kuwa ta filin bayan gidana ce, ita nake busarwa in ɗaure dami dami, shanuna huɗu su ci duk rani. Shi ne na ja mayafi na bi shi. Na iske shi a tsakar filin shagon yana shafa wani inji ja mai faɗi, kamar an kifa ƙaton faranti.

"Kin ga wannan? Wuƙaƙe biyu ne a ƙarƙashinsa suna juyawa. Ciyawa, ƙaya, 'yan itatuwa, ba ya barin komai. Kafin ki gama neman takalminki ya share filin tas."

"In ya share, ina ciyawar take zuwa?"

"Tana nan a ƙasa mana."

"A tsaye ko a kwance?"

"Tsohuwa, ina ruwanki da kwanciyar ciyawa? Ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba za ki koya min inji?"

"Ni na koya wa uwarka tafiya, mara kunya. Ka taɓa ɗaure dami da hannun nan naka mai kama da ludayi?"

"Wallahi zan sake ki in auri mai ilimi."

"Saki ɗaya ya yi kaɗan, ƙara biyu. Mijin da zai bar shanuna da yunwa, gara in auri turmi."

Mai shago yana gefe yana danne dariya. Na daka masa tsawa na ce ba wasan yara na zo yi ba, ya nuna min sauran. Ya kai ni gaban wani siriri mai dogon hannu, an jera masa haƙoran ƙarfe kamar zarto. Ya ce wannan daga gindi yake yanka, ciyawa ta faɗi da tsawonta kamar an yi da lauje.

"Wannan tsohon yayi ne," in ji jikana. "Sa'anki ne. Tafiyarsa a hankali, kullum sai wasawa, in ya ci karo da dutse ya karye. Filinki kuwa duwatsu sun fi ciyawa yawa. Ga macizai. Bara ba a bakin ƙofarki aka kashe guda ba, yarana suna wasa a wurin?"

"Macijin ya ce maka sai jan inji yake tsoro? In aka kwantar da ciyawa, da me aka yanka bai dame shi ba, gudu zai yi. Duwatsu kuma ni na san inda kowanne yake. Shekara hamsin ina tuntuɓe da su."

"Shi ya sa ƙafafunki suka karkace."

"Da su na goya ka kana min fitsari a baya, ɗan banza."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shanun nan ba ado ba ne. Nononsu nake sha, shi 'ya'yansa suke sha. In rani ya yi tsakiya babu ingirici a rumfa, sai dai in tsaya ina kallon haƙarƙarinsu yana fitowa, ko in kira mahauci.

A bayan shagon akwai wata ciyawa da ta kai ƙugu, inda suke gwaji. Na ce da mai shago ya ɗaura jan nan a taraktarsu ya bi ta kai sau ɗaya. Ya bi. Ƙara kamar za a tsaga kunne, ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa, wurin ya yi fes. Jikana ya buga ƙirji.

"Kin gani? Kamar an yi aski!"

Na kwance igiyar da ke ɗaure a sandana na jefa masa.

"To, angona. Ɗaure min dami ɗaya."

Ya durƙusa. Ya tattaro da hannu biyu ya ɗora a kan igiya, ya ja. Duk ta zube ta gefe, guntu guntu kamar yankan alayyafo, ga ƙasa ta cakuɗe da ita. Ya sake tarawa ya danne da gwiwa, ya ja da ƙarfi. Igiya ta ƙulle a kan iska. Leburorin shagon suka taru suna kallo.

"Ƙara ƙoƙari. Ko in aro maka cokali ka riƙa ba shanun a baki?"

"Sai a zuba a buhu..."

"Ɗanya, a buhu? Kwana uku ta ruɓe ta yi wari. Kai za ka ci?"

Ya kakkaɓe wando. Ya dubi ciyawar, ya dubi igiyar.

"Duwatsun fa?"

"Gobe da sassafe ka zo da baro. Ni ina nunawa da sanda, kai kana kwasa."

"Wannan ba aure ba ne, bauta ce." Sai ya fashe da dariya, ya juya wajen mai shago. "Sauke jan nan, ɗaura min mai haƙoran. Ko ba komai a samu abu ɗaya mai haƙori a gidanta."

Na kai masa sanda, ya goce. Dariya ta ƙwace min, sai da na rufe baki da mayafi.