Ramin da Na Toshe a Tankin Jirgin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka aurar da Saratu, ƙanwar matata, ba. Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, ina riƙe da injin niƙa a ƙauyenmu da ke kudu da Kafanchan. Da yake na gama firamare, kuma ni kaɗai nake da sifana ta kwance noti a garin, sai mutane suka laƙaba mini Injiniya. Ban taɓa kiran kaina haka ba, amma ban taɓa hana kowa ba.

Tsakaninmu da ƙauyen ango akwai kogi, kuma duk shekara in ruwa ya cika sai ya kwashe gadar katako. Saboda haka ikilisiya ta sayi wani tsohon inji na ɗaurawa bayan kwalekwale daga hannun Oga Nnamdi, mai shagon kayan gyara da fetur a Kafanchan, aka damƙa mini shi. A majami'ar ƙetare za a ɗaura auren, Fasto kuma ya aiko cewa da rana tsaka zai tashi, don akwai jana'izar da ke jiransa. In amarya ba ta iso kafin nan ba, sai wani watan, ga shi an riga an yanka akuya an dafa shinkafa.

Ni mutum ne mai fargaba. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon. Don haka ana gobe biki na ce bari in duba injin. (A gaskiya lafiyarsa lau, ko a makon ya kai masu cin kasuwa ya dawo da su.) Na wanke fulogi, na hura tiyo, na ƙara ɗaure duk wani noti da na gani. Can sai idona ya kai kan murfin tankin fetur, na ga wani ɗan rami da ƙaramin sukuru a kansa. Rami a tankin mai, da damina? Na yi mamakin sakacin Turawan da suka ƙera shi. Na murɗa sukurun har ƙarshe, na liƙe da ƙaro, na naɗe murfin da robar tayar keke. Na koma gida ina gode wa Ubangiji da ya buɗe mini ido.

Da safe muka shiga jirgi: amarya cikin farar riga da safar hannu, surukina Baba Yohanna, matan zumunta na majami'a da gangunansu, da wasu dattawa. Ja ɗaya na yi wa igiya inji ya tashi. Na ɗan gyara hula. Mata suka fara waƙa, muka bar gaɓa.

Ba mu kai tsakiyar kogi ba inji ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru. Waƙa ma ta yi shiru.

Na ja igiya. Na sake ja. Na matsa robar da ke tura mai, na ja cok mai rage wa inji iska, na mayar da cok, na ja har kafaɗata ta sage. Ruwa ya yi ta janmu a hankali har muka maƙale a rassan wata bishiya da ta faɗo.

Baba Yohanna mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, jiya inji yana da lafiya?"

Na ce, "Yana da lafiya, Baba."

"To me ka gyara?"

Sai na ciro sifana. Na kwance fulogi, na ga ba komai. Na kwance kafireta, inda mai yake haɗuwa da iska. Ba wurin ajiye ƙananan ƙarafa, kuma ina tsoron su faɗa ruwa, sai na ce wa amarya, "Saratu, buɗe hannunki." Ta buɗe, da farar safarta, na zuba mata sukurori da baƙin mai. Kallona kawai ta yi, irin kallon da yayarta take yi mini.

Mama Rifkatu, shugabar matan zumunta, ta ce, "Ni na sani. Wannan man Nnamdi ne. Ya sa ruwa a ciki."

Kowa ya kama. Wani dattijo ya ce dama tun da ya ga man bai yarda da launinsa ba. (Bai taɓa ganin man ba.) Ni ma na ji sanyi a raina, na ce to bari mu buɗe tanki mu gani.

Buɗe tankin nan ya zama aiki, don na ɗaure shi da zuciya ɗaya. Sai da aka ba ni wuƙar yanka kek na yanke robar. Ina murɗa murfin sai tankin ya ja iska da wata doguwar ƙara, gefensa da ya lotsa ya buɗe fau. Nan take na gane. Ramin nan ta nan tanki yake shan iska, in ba iska mai ba zai tafi inji ba. Da hannuna na shaƙe shi.

Ba wanda ya gane sai ni. Mama Rifkatu ma cewa ta yi, "Kun ji ko? Ƙarar ruwa ke nan." Da na yi shiru da Oga Nnamdi ya ɗauki laifin har abada, kuma yana can Kafanchan bai san ana yi ba. Amma ina ni ina iya barci da wannan? Na miƙe tsaye cikin jirgi, ya yi tangal-tangal, na ce, "Jama'a, man lafiya lau yake. Ni ne na toshe ramin iska jiya."

"Don me?" in ji Baba Yohanna.

"Don kada a samu matsala, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To mayar da shi mu tafi."

Sai dai kafireta tana hannun amarya gunduwa-gunduwa, kuma wani ɗan sifirin, murɗaɗɗiyar waya da ke cikinta, ya ɓace, har yau ban san inda ya shiga ba. Dattawa suka karyo rassa suna tura jirgi, mata suka juye abinci wuri ɗaya suka yi ta tuƙi da faranti. Ni aka ce in zauna a tsakiya kada in taɓa komai.

Muna isa muka tarar Fasto ya gangaro bakin kogi da babur ɗinsa, ya riga ya ɗaure Littafi Mai Tsarki a baya. Ya dubi rana, ya dubi hannun amarya, ya ce a kira ango da gudu. A nan kan yashi, ƙarƙashin mangwaro, aka ɗaura auren. Da ango ya zo sa zobe sai da aka tsaya aka cire safar aka goge yatsan Saratu da ganye.

Abin da na koya shi ne, in ka ga rami a jikin abin da ke aiki lafiya, wanda ya huda shi ya riga ka yin fargabar. Ban daina dawowa in taɓa kwaɗo ba, amma taɓawa kawai nake yi yanzu, sifana tana gida.