Yadda Za Ki Burge Dangin Miji da Gaton Tukunyar Yashi

Baiwar Allah, in kin taɓa buɗe baki a gidan surukai kika ce kin iya gato, alhali ko ƙwai ba ki taɓa fasawa cikin fulawa ba, kwantar da hankalinki, kin zo wurin mai magani. Ina nufin ƙananan gaton nan masu zama cikin kofin takarda da rawanin kirim a ka, waɗanda 'yan boko ke kira kapkek. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan yadda na jera su, za ki fita kunya a gaban dangin miji, har mutanen ƙetaren gada su tafi da labarinki.

Kada ki tambayi inda na yi karatu. Katangar da ke tsakanina da maƙwabciyata Rauda gajera ce, ni kuma Allah ya yi ni doguwa. Duk abin da zan koya miki a kan idona ta yi shi a nan garinmu Malanbil na bakin iyaka, kuma ga ta nan daram a ɗakinta. Zan riƙa kiran sunayen mutanen gidansu, ke sai ki sauya da na gidanku.

Mataki na 1: Ki fara da hoto, gato zai biyo baya

Kuskuren yawancin mata shi ne su fara da koyo. Koyo yana cin lokaci, yana cin fulawa. Ke ki fara da waya. Nemo hoton gato mai kyau wanda ba a ga hannun mai shi ba, ki ɗora a sitatus, ki rubuta "Alhamdulillah" kawai a ƙasa. Ba ki ce ke kika yi ba, ba ki ce ba ke ba ce. Ko gaban alƙali aka je ba ki da laifi.

Ita Rauda da dalilinta. Daga ƙauyen Madekali aka kawo ta, ƙanwar mijinta Maijidda kuwa ta taɓa yin 'yan watanni a Kotonu wajen wata gwaggo, kuma ba ta bari a manta. Duk abin da Rauda ta dafa, in Maijidda ta zo gidan sai ta ɗaga murfi ta ce, "Matar Yaya, yau ma dambu? Ku can Madekali shi kaɗai anka koya muku?" Abin yana yi wa Rauda ciwo ƙwarai, na sha jin kukanta a bayan ɗaki. Ranar da Maijidda ta ga hoton ta tambayi inda aka saya, sai bakin Rauda ya riga hankalinta.

"Ni niy yi. Kotonu nik koya, kamin aure."

Ki lura da hikimar. Kada ki ce Paraku, 'yan uwa sun yi yawa a can, za a bincika. Kotonu ga nisa ga girma, mutum zai iya koyon komai a cikinta ba wanda ya gan shi.

Mataki na 2: In an ce ki yi, ki ce "to"

Kafin la'asar zancen ya isa kunnen Hajiya Na'inna, uwar mijin Rauda. An kuwa yi dace, ɗiyarta Rahina ta yi haihuwar fari a gida, dangin mijinta za su ƙetaro gada daga Gaya ranar suna. Tun bikin Rahina mutanen Gayan nan suke yaɗa cewa cincin ɗin gidan Hajiya ya karya wa wata tsohuwa haƙori, kuma Hajiya ba ta yafe ba.

Ta kira Rauda ta ce, "Ɗiyata, ashe hannunki na da albarka kinka ɓoye muna? Ranas suna ke za ki yi gaton nan. Na riga na hwaɗa ma mutanen Gaya ta waya."

A nan sai ki durƙusa, ki sunkuyar da kai, ki ce, "To, Inna." Sunkuyawar ladabi ce, kuma ba a ganin idonki.

Ki sani daga wannan lokacin ba fuskarki kaɗai ke kan faranti ba. In gato ya kunyata ki, ya kunyata Hajiya a gaban mutanen da take jin haushi, kuma a cikin dangin nan za ki ci gaba da zama.

Mataki na 3: Ki shiga kasuwa ta inda ba a san ki ba

Mijin Rauda, Jabiru, albasa yake sayarwa, saboda haka ta kauce wa layin 'yan albasa ta zagaya ta bayan masu kifi. Ke ma ki yi haka. Gwana ba ta tsayawa a gaban abokan mijinta tana tambayar mene ne lebir. (Hodar da ke sa ƙulli ya tashi ce, na taimake ki.)

Shagon 'yan Kamba za ki nufa. Ki sayi fulawa, bota, ƙwai, sukari, lebir, kofunan takarda, kala, da ƙananan kwalaben ƙamshi: banila, kwakwa, da firez, wani jan ɗan itace da babu wanda ya taɓa ganinsa a danginku. Wannan rashin sanin jarinki ne, ki riƙe shi da kyau.

Za ki nemi sukarin ado, mai laushin nan da ake yin kirim da shi. Mai shago zai ce, "Wallahi ya ƙare, Hajiya, mota ba ta shigo ba. Amma ai sukar na kawai anka niƙe, ba wani abu ba." Gaskiya ya faɗa miki. Ki gode masa ki tafi.

Mataki na 4: Tanderu a zuciya yake

Matar da ke cikin bidiyo tana da tanderun lantarki mai ƙofar gilashi, har da fitila a ciki. Kada ki yi mata hassada. Ke kina da tukunyar tuwon biki, ga yashin gulbi kyauta, ga gawayi.

Ki wanke yashin ki shanya, in ba haka ba gatonki zai fito da ƙarnin kifi, ɗanɗanon da ba ya cikin kwalabenki. Ki zuba shi a gindin tukunya, ki jera gwangwanayen madara a kai, kowanne da kofin takarda a ciki don kada ya baje. Wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi.

Ƙulli kuwa, ki buga bota da sukari da muciya har kafaɗarki ta fara roƙonki, ki fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan fulawa da lebir. Matar bidiyo Faransanci take yi da gudu kamar mota za ta bar ta. Ki rabu da bakinta, ki bi hannunta.

Zubin farko zai fito baƙi a ƙasa, ɗanye a ciki. Kada ki zubar, don irin wannan ranar aka yi miji. Jabiru ya dawo a gajiye, ya tauna ya tauna, ya ce, "Wanga masa ta ko burodi na?" Rauda ta ce gwaji ne. Ragowar ta miƙa wa akuya, akuya ta sansana ta juya baya. In taki ta yi haka, wuta ta yi yawa, ki rage garwashi.

Ki ci gaba da gwaji. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ana jibi suna gaton Rauda ya tashi, ya yi ja-ja-ja, ya yi laushi, ƙamshi ya ƙetaro katanga ya same ni ina tankaɗe. Na ji haushi kaɗan.

Mataki na 5: Ƙamshi ɗigo ne

Ki raba ƙulli gida uku, kowanne da kwalbarsa. Ɗigawa ake yi, ba tuttulawa ba. Rauda ta saki hannu a na kwakwa, ya fito yana ƙamshin man kitso.

In kin manta wanne ne wanne, kada ki damu. Wanda kika yi wa ado ja shi ne firez, fari banila, kore kwakwa. Mutane da ido suke ɗanɗano, duk abin da kika ce shi za su ji.

Mataki na 6: Ki kai sukari inji

Yanzu saura sukarin ado. Turmi ba zai ba ki laushin da kike so ba, ga shi gobe suna. Ki zuba sukari a kwano ki nufi injin niƙa.

Rauda ta je injin Na-Allah na bakin kwana da yamma, ta iske layi ya watse, sai wata mata da ke fita da kwano a rufe a ka, tana atishawa. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani a kan atishawar nan. Ke ba ki da lokacin hankali.

"Malam, injin na da tsabta? Sukar na za a niƙa."

"Yanzu-yanzu nig goge shi," in ji Na-Allah, yana kaɗa wani tsumma da babu mai tuna asalin launinsa.

Duk mai inji haka yake cewa, kuma duk matar da ta girma a garin nan ta san inji ba ya mantuwa, abin da ya ci na ƙarshe sai ya raba wa mai bi. Sukarin Rauda ya fito da laushi, da ɗan ja-ja a jikinsa. Ta ce ba komai, ai dama kala za ta sa.

Mataki na 7: Ado da safe, ɗanɗanawa daga baya

Kada ki yi ado tun jiya. Wutar lantarki ba ta san da sunanku ba, firigo zai mutu, kirim ya narke ya bi gefen kofi. Ranar suna da safe ki buga bota da niƙaƙƙen sukarinki, ki sa kala, ki ɗura a farar leda, ki yanke kusurwa, ki matsa kina juyawa kamar mai naɗa rawani.

Rauda ta jera su a kan babban faranti, ja da fari da kore, sun fi na hoton kyau. Ɗan zem, wato ɗan acaɓan da zai kai ta gidan Hajiya, ya iso ƙofar gida da babur ɗinsa yana ta oda. A lokacin ne ta lashi yatsa. Zaƙi ya fara zuwa, citta ta biyo shi, sannan barkono ya iso da danginsa duka. Yajin jego aka niƙa kafin sukarinta. Daga inda nake tsaye na ga ta zauna a ƙasa dirshan, ta ɗora hannu a ka.

Za ki yi tunanin kankare kirim ɗin. Kada ki soma. Gato ba rawani masa ce mai sukari, kuma Maijidda tana da hoton a wayarta. Ki goge fuska, ki hau babur, ki rungume faranti, ki ce masa ya bi ramuka a hankali.

Mataki na 8: Ki fara da manya

Tsakar gida cike da mata, ni ma ina ciki, don ba a barina a baya. Ki durƙusa ki miƙa wa surukarki, sannan babbar baƙuwa. A nan Hajiya Husna ce, uwar mijin Rahina, shugabar tawagar Gaya. Sauran su ɗauka bi da bi.

Za su fara kallon juna. Kada ki gudu. Babu wadda ta taɓa cin abin nan a cikinsu, kuma babu wadda ke so a ce ita ce baƙauya. Hajiya Husna ta haɗiye da ƙyar, ta ja hanci, ta ce, "Masha Allah. Shina da... ƙarhi."

Maijidda ce matsalar. Ta gatsa, ta tsaya, sai fuskarta ta washe da murna irin wadda ban taɓa gani a kanta ba. Ta miƙe tsaye don kowa ya ji.

"Inna, wanga ai ba haka..."

"Haka shike a Kotonu," in ji Hajiya Na'inna, ko kallonta ba ta yi ba. "Ko ba haka ba, Maijidda? Ke da kinka ce muna kullum da shi kike karin kumallo can. Rauda, ɗiyata, ƙara mata guda, ta yi marmari."

Maijidda ta dubi uwarta, ta dubi mutanen Gaya da suka zuba mata ido. Ta ce haka ne, ta zauna. Ta cinye na biyun tas, hawaye na bin kumatunta. Daga nan kowa ya saki jiki, ana ci ana shan ruwa ana yabon Turawa da sanin maganin sanyin jiki. Hajiya Husna har ta sa aka ƙulle mata guda huɗu a leda, za ta kai wa Alhaji.

Mataki na 9: In an kira ki ɗaka, ki shiga

Ana cikin hidima Hajiya Na'inna ta yafito Rauda zuwa ɗakinta. Taga a buɗe take, ni kuma na ga inuwa ta fi kyau a gindinta.

"Zamna, ɗiyata. Yajin nan nawa na. Ni nih haɗa ma Rahina shi da hannuna, ni na aika da shi injin Na-Allah jiya. Masorona ko cikin dubu na san shi."

Rauda ta ce, "Inna, ni Kotonu..."

"Yi shiru. Ban tambaye ki ba, kuma ba ni tambaya. Na ce Kotonu gaban baƙi, to Kotonu ta. Na ɗebe rawanin na ci ƙasan shi kaɗai, ya yi laushi, ya yi daɗi, wanga kau ba inji yay yi shi ba, ke kinka yi. Gaba in za ki niƙa sukar ki zo ki amshi ƙaramin turmina, ba ya taɓa ganin tonka ko wani yaji ba. Tashi ki koma cikin mutane."

Rauda ta yi kuka sosai, na jin daɗi da na kunya a haɗe. Ta fito ido jajir tana jan hanci, babu wanda ya lura, domin duk tsakar gidan haka idon kowa yake.

Gargaɗi

Ni dai bayani na yi. In yashi ya shiga gato, in akuya ta yi ciwon ciki, in Alhajin Gaya ya ci tsarabarsa ya kasa ba da sallar magariba, kada a aiko mini da jandarma, ban san ki ba, ban taɓa ganinki ba. Haka nan alkawarin da na yi a sama na janye shi. Fulawa, bota, kala da kofunan takarda duk akwai su a kasuwar Malanbil, na kuma gaya miki shagon. Suruka irin Hajiya Na'inna ce ban san rumfar da ake samunta ba.