Layar Saja

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin a ofishin En'e na Azare ba, ko da kuwa na manta sunayen jikokina (abin ma ya fara, Allah ya sa su yafe mini).

Shekara biyu ke nan da dawowarmu daga yaƙin Bama, can gaba da ƙasar Indiya, kuma duk garin Saja ake kirana. Ba wanda ya ba ni wannan muƙami sai bakina, da wani hoto da na ɗauka a Ikko cikin rigar aro mai igiya uku. Kullum da la'asar, a gindin tsamiyar bakin kasuwa, nakan ba da labarin yadda na riƙe babbar bindiga ni kaɗai abokan gaba suna zubewa. Yawansu kuwa ya danganta da yawan masu sauraro.

Abu ɗaya ne ya san gaskiyata: ɗan littafin sallama da aka ba kowane soja ranar da aka sake mu. Aji uku na yi a elementare, Turancina ba zai saya mini ko ashana ba, amma ya isa in gane abin da aka rubuta a ciki. In ƙona shi, tsoro. In bar shi a ɗaki, wan matata malamin makaranta ne. Sai na kai wa Baba Gambo baduku, na ce masa asiri ne da wani malamin Indiya ya ba ni, duk idon da ya gan shi zai tsiyaye. Bawan Allah ya ninke shi, ya rufe da jar fata, ya yi masa ɗinki biyu. Na ɗaura a ƙugu, na huta.

A daminar nan gero bai yi ba a gonata ta hanyar Gamawa. Ga matata Hajara da tsohon ciki, rumbu kuma in ka yi magana a ciki sai ya amsa maka. Ana nan sai aka yi shela cewa En'e za ta ɗauki tsofaffin sojoji aiki.

Na sa kaki, na kwashi takarduna masu daraja, na baje su a teburin Malam Sule akawu. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, a natse.

"Saja, wannan ta ce ka shiga makaranta. Wannan ta ce an yi maka lambar agana. Wannan kuma ta ce kekenka ba na sata ba ne. Ina wadda ta ce ka yi soja?"

Na tura masa hoton. Ya ce riga kowa na iya sa ta. Na ce ai littafin gara ta ci. Ya jajanta mini ƙwarai, ya ce to sai haƙuri, ba littafi ba aiki, ko Bature ne ya zo da kansa. Ya kira wanda ke bayana a layi.

Na kai bakin ƙofa, rumbun nan ya faɗo mini a rai. Na juya na fuskanci bango, na ɗage riga, na kwance layar. Ɗinki biyu ba ya ɓaruwa da haƙori (na gwada, a gaban jama'a), dole aka aika kiran Baba Gambo. Ya zo da wuƙarsa, rabin 'yan gindin tsamiya na biye da shi, za su ga asirin Indiya. Yana yanka yana kawar da fuska yana addu'a.

Malam Sule ya miƙar da littafin a kan gwiwa, ya karanta yana fassarawa da ƙarfi, wai haka ƙa'ida take.

"Muƙami, farabiti. Aiki, kula da alfadarai. Hali, mai kyau. Yana da haƙuri da dabba, sai dai yawan surutu."

Can wani daga baya ya tambaya, cikin ladabi, ko alfadaran ne suke zubewa. Baba Gambo ya goge wuƙarsa ya ce, "Ashe saboda alfadari na rufe ido, ɗan nan."

Dariyar ce ta fito da Baturen dabbobi daga ofishinsa. Da aka yi masa bayani sai ya karɓi littafin ya duba. Ashe mako guda yana neman wanda zai riƙa bin rugage wajen allurar shanu, duk waɗanda suka zo bindiga kawai suka sani. Sajoji biyu na gaske suka koma gida ranar nan, ni aka rubuta sunana. A aikin nan na tsufa.

Da na faɗa wa Hajara, ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗe ba. Ta ce ta daɗe da sani, don ba ta taɓa ganin Sajan da jakunan unguwa ke rakowa gida ba.

Tun daga ranar sunana ya koma Sajan Alfadarai, har jikoki da shi suke kirana. Shawarata ga mai ajiyar takardu ita ce, wadda ta fi ba ka kunya ita za ka sa a sama, don ita ce ke ciyarwa. In kuwa ka nace sai ka ɓoye ta, ka ce wa baduku ɗinki ɗaya ya isa.